Ɗan Hakin da Ka Raina: Nasiha ga Matasan Rikkos a kan Gadin Bakin Ruwa

'Ya'yana, ku matso kusa, ina da magana da ku a kan ruwa.

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai ga samari bakwai sun ɓullo daga wajen wani kududdufi da ke bayan unguwa. Rigunansu iri ɗaya, adduna a hannu, ƙafafu duk taɓo har gwiwa. Suka rusuna suka ce, "Baba, sannu da hutawa." Na amsa, na tambaye su daga ina. Babbansu ya ce aikin gayya suka yi, sun share ciyawar da ta rufe bakin ruwan. Raina ya yi fari, domin yaron da zai bar ƙwallo da hirar shayi ya je ya yi wa unguwa aiki ba a biya shi ba, yaro ne mai albarka. Sai na ce, "Wace irin ciyawa ce?" Ya ce, "Ciyawa ce dai, Baba." Na ce, "Ina kuka kai wadda kuka sare?" Ya ce, "Mun tura ta rafi, ruwa ya tafi da ita." Ya miƙo mini waya ya nuna mini hotunan da suka riga suka sa a Facebook.

Na sa musu albarka, amma daren nan na daɗe ban yi barci ba. Sun zubar da gumi, niyyarsu kyakkyawa ce, sai dai ba su san sunan abin da suka sare ba, ba su san yadda yake haihuwa ba, ba su kuma san gonar wa rafin zai kai wa shi ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin gona, kuma wani yanki na shekarun nan a ƙasar Haɗeja na yi su. Duk wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru a da ya san arziki. Da damina kogi ya kawo ruwa ya malale ƙasa, a yi shinkafa. Ruwa ya ja baya, a bi sawunsa da wake da masara da kayan lambu. Masunta su kama kifi, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa, tsuntsaye su zo tun daga Turai su yi hunturu. Da rani kuwa ƙasa ta bushe ƙarau, ta tsattsage, duk ciyawar ruwa ta mutu. Wannan bushewar ita ce tsintsiyar da Allah ya yi wa fadamar, ko da yake a lokacin ba mu gane haka ba.

Aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992. An yi su ne don alheri, don noman rani da ruwan sha, kuma sun yi amfani. Amma tun daga nan tafiyar kogi ta sauya. Babban ruwan damina mai wanke hanya ya ragu, sannan aka riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani, wuraren da suka saba bushewa suka zama kullum a jiƙe. Akwai wata ciyawa da mutanen wurin ke kira kacala. Dama tana nan tun kaka da kakanni, 'yar tsiraru a gefen tafki, ana yankar ta a yi asabari da shinge. Da ta samu ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa, sai ta miƙe ƙafa.

Kacala ta fi mutum tsawo, ganyenta dogo kamar takobi, kanta launin ƙasa kamar zangarniyar gero. Idan kan ya nuna sai ya fashe, ƙananan 'ya'ya dubu ɗaruruwa su bi iska kamar audugar rimi. A ƙarƙashin taɓo kuma saiwarta na rarrafe tana fitar da sababbin tsirrai, ko ka ƙone ta daga sama tana nan da ranta a ƙasa. Na taɓa tsayawa da wani dattijo a bakin gonarsa ta shinkafa a wajen Guri. Ya nuna mini wani ɗan gungu a kusurwa, bai fi faɗin tabarma biyu ba, ya ce idan ya samu sarari zai cire. Bayan damina huɗu na koma. Ban ga gona ba, sai bango kore, ba inda za ka sa ƙafa. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido." Bai ƙara cewa komai ba.

Abin bai tsaya a gona ɗaya ba. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanyarsa ya karkata inda ba a so. Garuruwa irin su Auyo da Kirikasamma da Guri suka riƙa fama da ambaliya, wasu na can ƙasa kuma suna kukan ruwa bai iso musu ba. Kwalekwale ya kasa wucewa, taru ya kasa shiga. Jan-baki ya samu mafaka a cikinta, ya kwana lafiya, da safe ya tashi garke-garke ya faɗa wa gero da shinkafa. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, amma wannan suna bai hana kacala cin su ba. Har yau mutanen yankin suna fita aikin gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje suna buɗe hanya, gwamnati kuma na kashe maƙudan kuɗi a kan injinan haƙa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, dukanmu mun ga farkon abin. Manomi ya gani, masunci ya gani, mu ma'aikata mun gani. Amma babu wanda ya rubuta cewa a wata kaza, a wuri kaza, faɗinta taku goma ne, bara kuwa taku uku ne. Da an yi haka a ƙauye hamsin, aka tara takardun wuri ɗaya, da an ga annobar tun tana rarrafe. Kowa ya ɗauka wani zai faɗa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wata kuma wadda ita baƙuwa ce ta gaske. Kun san kainuwa, wadda Bahaushe ke cewa dashen Allah, mai kama da latas, ganyenta da laushi kamar gashin jariri, tana yawo a kan ruwa. To akwai wata da wasu ke haɗa su suna ɗaya, amma ba ita ba ce. Turawa na kiranta hayasin. Ganyenta mai kauri ne mai sheƙi kamar an shafa mai, ƙarƙashin ganyen a kumbure, idan ka matsa sai ka ji kamar soso, shi ke sa ta iyo. Saiwarta baƙa ce mai gashi-gashi. Furenta kuwa kyakkyawa ne ƙwarai, shuɗi mai ratsin shunayya, da ɗigon rawaya a ganyen furen na sama. Asalinta daga yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma kyawun furen nan ne ya sa mutane suka riƙa ɗaukar ta suna kaiwa ƙasa-ƙasa don ado. Wannan da hannun ɗan Adam aka dasa ta.

A 1984 aka fara ganin ta a ruwan Badagiri ta jihar Legas, ta shigo daga wajen Jamhuriyar Benin. Ba a daɗe ba ta biyo kogin Kwara ta sauko tafkin Kainji, masunta suka wayi gari tabarma kore ta rufe musu mashiga. A gabashin Afirka ta shiga tafkin Biktoriya a ƙarshen shekarun 1980, kafin 1998 ta kai ga rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya, har ta riƙa damun injinan wutar lantarki a Jinja ta Uganda. Sai da aka kawo wasu ƙananan ƙwari masu cin ta, 'yan asalin ƙasarta, aka haɗa da aikin hannu, sannan ta lafa, kuma har yau takan dawo. Idan ruwa na da ɗumi da taki, cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Ku yi lissafin da kanku: abin da ya cika bokiti yau, nan da wata uku ya wuce bokiti sittin. 'Ya'yanta kuma na iya kwanciya a laka shekara ashirin suna jira. Idan ta rufe ruwa, haske ba ya shiga, iska ta ƙare, kifi ya mutu, sauro da katantanwa su samu gida. Mukan ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi. Wannan baƙon idan ya sauka, maigida ne ke tashi.

Za ku ce, Baba, ina ruwan Rikkos da Nguru da Kainji? Mu da ke kan dutse? To ku dubi garin nan da kyau. Jos gari ne da kuza ta kafa. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka haƙe ƙasar nan, kakanninmu da yawa ma aikin kuzar ne ya kawo su. Da aka tashi aka bar mana ramuka ɗaruruwa daga nan har Bukur da Barikin Ladi, ruwa ya cika su suka zama tafkuna. A bakinsu ake noman kabeji da karas da tumatir da latas da dankalin Turawa da ake lodi zuwa kudu da arewa. Wasu an zuba musu kifi, wasu kamar na Rayfield sun zama wurin shaƙatawa. A saman unguwarmu kuma ga madatsun Lamingo da Liberty, waɗanda ruwan famfon gidaje da yawa ke fitowa daga cikinsu. Duk waɗannan ruwaye ne masu kwanciya wuri ɗaya. Takin zamani na gangarowa cikinsu daga lambuna, ruwan kwata da na wanki na shiga wasu, yashi da laka na cike gefensu suna rage musu zurfi. Ruwa mai kwanciya, mara zurfi, mai taki, shi ne shimfiɗar da irin waɗannan tsirrai ke nema. Sanyin Jos na iya rage musu sauri, amma kada ku dogara da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu mutanen Rikkos ba ma bukatar a koya mana abin da ruwa ke iya yi. Daren Lahadi, 22 ga Yuli 2012, a farkon azumi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya sauko wa unguwar nan da maƙwabtanta. Sama da mutum talatin suka rasu, gidaje wajen ɗari biyu suka rushe ko suka nutse. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ba na cewa ciyawa ce ta jawo wannan, ruwan sama ne mai yawa, ga gine-gine a kan hanyar ruwa, ga shara a magudanai. Amma tun daren nan na riƙe abu ɗaya: ruwan da ke saman kanmu da rafin da ke ratsa mu amana ne da ya kamata a riƙa leƙawa kullum, tun kafin hadari ya haɗo. Duk abin da ke rage wa tafki ciki ko ya toshe wa rafi maƙogwaro, ciyawa ce ko leda ko yashi, ya shafe mu.

A gefen ruwa, a kan tudu, akwai baƙi biyu da kuke wucewa kullum. Ɗaya ita ce lantana, 'yar ƙaramar bishiya mai sarƙaƙiya, karanta mai kusurwa huɗu da ƙananan ƙayoyi, ganyenta mai kaushi, idan ka murza sai wari mai ƙarfi ya tashi. Furenta gungu-gungu ne, ja da rawaya da ruwan hoda a kai ɗaya. An kawo ta ne don adon shinge. Tsuntsaye na cin baƙaƙen 'ya'yanta suna kashayar da irin a ko'ina, ta rufe hanya, ta danne ciyawar kiwo, ganyenta kuma na cutar da hantar shanu. Masu bincike a dajin Amurum da ke Laminga, nan kusa da mu, sun daɗe suna nazarin yadda take mamaye wuri. Ɗayar kuma ita ce doguwar nan mai furen rawaya kamar na rana, mai ɗacin ganye, wadda ke cika gefen titi da bakin rafi a ƙarshen damina. Daga Meziko take.

Kada wannan ya sa ku ɗauki gaba da duk wani tsiro da ya zo daga waje. Dankalin Turawa baƙo ne, tumatir baƙo ne, mangwaro da darbejiya ma haka, kuma ga shi muna ci muna shan inuwa. Kacala kuwa 'yar gida ce, ta zama annoba. Abin dubawa shi ne hali: shin tsiron nan yana zama a inda aka ajiye shi, ko yana korar kowa ya gaje wurin? Haka kuma akwai na ruwa masu amfani. Bado abinci ne, kuma inuwar kifi ne. Ciyayin da ke riƙe gaɓar tafki su ke hana ƙasa zaizayewa, su ke tace ruwa kafin ya shiga. Wanda ya ɗauki adda ya bi bakin ruwa yana sarar duk abin da ya ga kore, zai iya kashe mai gadi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, domin ƙasar da aka tsiraita ita baƙon tsiro ke fara kamawa.

Saboda haka aikin da nake roƙon ku ya fi sara sauƙi a jiki, amma ya fi shi bukatar haƙuri. Ido nake so ku zama. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku zaɓi wuri ɗaya, kududdufi ɗaya ko wani yanki na rafi wanda za ku iya zagayawa cikin awa guda. Kada ku ce za ku rungumi Filato duka. Ku samu alamomin da ba sa motsi, wani dutse, wata bishiyar turare, ƙafar gada. Ku sa rana, a ce Asabar ta farkon kowane wata. Ku tsaya a kan alamar nan, ku fuskanci inda kuka fuskanta wancan watan, ku ɗauki hoto. Hoton da ke da amfani shi ne wanda ruwan ya cika shi, ko da babu fuskar kowa a ciki. Sannan ku buɗe littafi, irin na 'yan makaranta mai rahusa ya isa, ku rubuta kwanan wata, da inda ruwa ya kai a jikin dutsen, da irin tsirran da kuka gani, da faɗin kowanne da takun ƙafa. Ranar da ba ku ga sabon abu ba, ku rubuta cewa ba ku gani ba. Wannan layin da kuke ganin banza ne, wata rana shi zai nuna wa masana watan da abin ya shigo.

Idan kun ga tsiron da ba ku sani ba, ku ɗauki hoton ganye da fure da saiwa, kowanne daban, da hannu ko biro a gefe don a gane girmansa. Ku tsinki reshe ɗaya ku shimfiɗa a tsakanin jarida, ku danne da littafi mai nauyi. Ku fara tambayar tsofaffin masu lambu da masunta, domin sun san abin da ke wurin tun kafin a haife ku, kuma idan dattijo ya ce bai taɓa ganin wannan ba, to ku buɗe ido. Daga nan ku kai wa masana. Allah ya yi mana gata a garin nan: ga sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Jos, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a kan titin Bauci. Akwai kuma manhajar waya mai suna iNaturalist, inda za ka sa hoto masana daga ko'ina su taimaka da suna. Amma kada ku yi shela kafin ku tabbatar. Na ga yaron da ya ga bado ya rubuta wa duniya cewa annoba ta shigo gari. Wanda ya yi ƙarar ƙarya sau biyu, ranar gaskiya ba mai waiwayarsa.

Kada ku ɗauka irin wannan aiki na Turawa ne kawai. Gaskiya ne a wurare kamar jihar Minesota ta Amurka, mai tafkuna dubbai, ana horar da 'yan sa-kai su riƙa duba gaɓar ruwa, doka ma ta tilasta wa mai jirgi ya cire ciyawa ya tsiyaye ruwa kafin ya koma wani tafkin. Amma misalin da ya fi kusa da ku a Laminga yake. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar nan gida-gida a kan taswira, kowane gida wajen kilomita tara a kowane gefe, matasa 'yan sa-kai na fita da waya suna rubuta tsuntsun da suka gani. Da wannan ɗan rubutun na mutum ɗaya-ɗaya aka tara sanin da babu wani farfesa da zai iya tarawa shi kaɗai. Yaran da suka yi wannan irinku ne, wasunsu ma daga garin nan. Abin da aka yi wa tsuntsu ana iya yi wa ciyawar ruwa.

In ta kama a cire, to a cire da sani. Hayasin da kainuwa daga ɗan gutsure suke sake rayuwa, don haka tura su rafi daidai yake da kai wa maƙwabcinka iri har gona. A kwashe su gaba ɗaya, a kai tudu nesa da inda ruwan damina ke kaiwa, a baza su bushe ƙurmus, sannan a ƙone ko a binne su zama taki. Kacala ana yanke ta ne a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya kasa shaƙar iska, kuma kafin kanta ya nuna. Lantana sai an tumɓuke da saiwa, in an sare sama kawai tofowa take da ƙarfi. Bayan aiki ku wanke takalma da adduna da buhuna a wurin, ku bar su su bushe kafin ku kai su wani ruwan. Ku gaya wa masu injin ban ruwa da masu taru su ma su riƙa yin haka, domin a bakin tiyo da idon taru iri ke tafiya.

Ina roƙon ku da girman Allah, kada wanda ya ɗauki maganin feshi ya nufi bakin ruwa da shi. Na san yana da arha, na san yana da sauri. Amma ruwan nan shi ake sha, shi ake ba dabbobi, shi ake zuba wa latas ɗin da ake ci ɗanye. Ciyawar da aka kashe da magani kuma a cikin ruwan take ruɓewa, ta shanye iskar da kifi ke bukata. Ku masu kiwon tarwaɗa a bayan gida, da masu sayar da furanni a bakin titi, ku ma da ku nake. Kada a ɗauko tsiron ruwa daga tafiya don ya yi kyau a tanki, in ya yi yawa a juye shi a kwata. Kwatar nan rafi take zuwa.

Sai maganar ranku, wadda ta fi duk ciyawar duniya. Ramin kuza ba irin tafkin fadama ba ne da ke zurfafa a hankali. Taku ɗaya ruwa na idon sawu, taku na biyu babu ƙasa, ga sanyi mai ɗaure jijiya, ga laka mai riƙe ƙafa. Garin nan ya binne yara da yawa da ramukan nan suka ci, wasunsu gwanayen iyo ne. Aikinku daga tudu ne. In kuna son ɗauko tsiro, ku ɗaura ƙugiya a doguwar gora. Kada mutum ya je shi kaɗai, kada a je bayan ruwan sama, kada a je da magariba. Ku kuma sani katantanwar da ke ɗauke da tsargiya a jikin ciyawar ruwa take maƙalewa, kuma ta fata cutar ke shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, kada kunya ta hana shi.

Kafin ku fara, ku je wurin mai unguwa ku gaishe shi ku faɗa masa niyyarku. Ku nemi izinin mai lambun da za ku ratsa. Madatsun ruwa kuwa suna da hukuma da masu gadi, ba a shiga sai da sallama, kuma su ne farkon waɗanda ya kamata su ga abin da kuka rubuta. Ku kai musu a takarda, da ladabi, da kwanan wata da hoto, ku riƙe kwafi. In ba a amsa ba ku sake komawa wata mai zuwa da sabon shafi. Ma'aikacin da zai iya kawar da kai daga surutu, da wuya ya kawar da kai daga littafin wata goma sha biyu.

Akwai kuma abin da ku kuka fi mu damar gyarawa. Garin nan ya sha wahalar rikici tun 2001, unguwanni suka rabu, har ya zama akwai yaran da suka girma ba su taɓa taka wata unguwar da ke nesa da su da tafiyar minti goma ba. Ruwan da ke sauko mana ta unguwannin maƙwabtanmu yake biyowa, wanda ya bar mu kuma wasu yake tararwa. Ba za ku iya gadin rabin rafi ba. Ku nemi matasan sama da na ƙasa, na coci da na masallaci, ta hannun shugabanninsu, ku riƙa musayar abin da kuka gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yata, kada ki ce wannan na maza ne. A aikin gona na ga mata sun fi riƙe lissafi da lura da ƙaramin canji. Ke da ke karanta kimiyya a sakandare, littafin nan a hannunki ya fi dacewa ya zauna, ki kuma koya wa ƙannenki sunayen tsirrai da Hausa tun kafin sunayen su ɓace.

Na san tambayar da ke bakin wasunku: akwai alawus? Babu, ɗana. Na kuma san halin da ake ciki, na san aljihu a bushe yake, ba na raina wannan. Amma na ga ƙungiyoyi da yawa da aka kafa ranar da aka ji ƙamshin tallafi, suka watse ranar da ya ƙare, da riguna da allon suna da komai. Awa ɗaya a wata ba za ta hana ka neman abinci ba. Abin da za ka samu shi ne ido mai gani, da hannu mai rubutu, da sanin mutanen da ba ka da hanyar saninsu a da, kuma na ga yaran da irin wannan ya buɗe musu ƙofar karatu. Ga kuma lada, domin kawar da cuta daga hanyar jama'a sadaka ce, balle daga ruwan da suke sha.

Samarin nan bakwai sun dawo wurina bayan mako biyu. Na ba su littafi da biro, muka taka tare har bakin kududdufin, na nuna musu wani dutse mai tsaga a ka, muka auna gungun ciyawar da ta sake tofowa, taku shida. Ƙaraminsu ne ya rubuta. Saura ku. Asabar ta farkon wata mai zuwa, bayan an karya kumallo, ku kira abokai biyu, ku ɗauki littafi, ku je ku ga ruwan unguwarku da idonku. Allah ya yi muku albarka, ya tsare mana ku.